Ki Kira Shi da Sunansa

Jibiya, watan Safar

Zuwa ga 'yar'uwata Malama Rabi'a, a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Zulfa da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta ƙi ni tun faɗuwar damina, sai kuma rufe bodar nan da ya sa shinkafa ta koma sai kallo. Magama, nan bakin bodar, ta yi tsit. Manyan motoci sun yi layi har ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashinsu.

Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne. Na san za ki ce ina waya. Wayar gidan nan ta autana Shafi'u ce, in zan yi magana sai ya tsaya a kaina shi da matarsa, ke kuma na kira ki ya fi a ƙirga ba ki ɗauka ba. Shi ya sa na ba Bawa ɗan acaɓa, tunda shi yana bi ta daji ya ɓulla Ɗan Isa, can ɓangarenku.

To, ina maigidana? Ina angon nan nawa da ya bar ni ba cefane, ba ko goro? Ki gaya masa matarsa ta Jibiya ta gaji da jira, in bai zo ba zan kai ƙararsa wurin mai unguwa. Rabona da shi tun yana rarrafe, yanzu kuwa an ce ya shiga shekara uku, har yana bin awaki da gudu. Sau biyu na zo Maraɗi, sau biyu aka ce mini Zulfa ta tafi da shi Damagaram. Na sha ruwa na dawo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Labari ya iske ni cewa Zulfa za ta yi aure bayan ƙaramar Sallah, kuma mijin a Agadas yake aiki. Ban ga laifinta ba. Yarinya ce, ta yi takaba, ta yi haƙuri, Allah ya sa alheri. Amma Agadas ba nan kusa ba ce, Rabi'a. In aka tafi da yaron nan can, ni da ganinsa sai dai a lahira. Shi kaɗai ne abin da marigayi ya bari, ɗan Hajiya surukata, kin dai san wanda nake nufi. Ya rasu bai ga ɗansa ba, ɗan kuma bai san ƙofar gidan ubansa ba.

Ina roƙon ki da zumuncin da ke tsakaninmu, kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito a Madarunfa, ki ba ni shi in riƙe. In hakan ya yi yawa, ki ba ni shi ya yi azumi a wurina kafin a tafi da shi. Ina da ɗaki, ina da akuya mai nono, ƙarfina kuma bai ƙare ba.

Ga ƙuli-ƙuli nan da 'yar daddawa. Ki gai da Zulfa.

Taki,
Salmatu

*

Maraɗi, Satumba 2023

Yaya Salmatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Ƙuli-ƙuli ya iso, an gode.

Na karanta takardarki har sau uku. Shekara talatin na yi ina koyarwa a lekol, na saba neman abin da yaro ya manta bai rubuta ba. Na duba sama na duba ƙasa, na ga maigida, na ga ango, na ga marigayi, na ga ɗan Hajiya, har akuya na gani. Abu ɗaya na rasa. Bari in rubuta miki shi tunda bironku na Jibiya ba ya iyawa: Kalilu. Sunan ɗanki ke nan, wanda kika haifa da cikinki. Sunan jikanki ke nan kuma, wanda kike so in ba ki.

Kin iya ce wa yaron da bai daina fitsarin kwance ba mijina, amma ba ki iya ce wa wanda kika haifa ɗana ba. Wannan irin so naku ni ban gane shi ba, kuma ba na so in gane.

Na san abin da za ki ce. Kunyar ɗan fari. To ni ma ina da 'yar fari, Zulfa ce. A tsakiyar kasuwa nake kiran sunanta, in ce mata ɗiyata, in ce mata sheri, wato abar ƙaunata da Faransanci, in rungume ta a gaban kowa. Dangi sun ce mini fitsararriya, sun ce boko ya lalata ni. Sun faɗa sun gaji. Ƙanenta Yusha'u kuwa shalelena nake ce masa har ya yi gemu. Ban taɓa ganin wanda kalma mai daɗi ta kashe ba.

Amma na ga wanda rashinta ya bi har bakin kabari. Kin tuna kwanakin da Kalilu ya yi a asibiti a nan Maraɗi, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa? Kika zo daga Jibiya, kika zauna a benci a waje, kika ja mayafi kika rufe fuska kamar wadda ta zo duba maƙwabci. Ni ce a kansa, ni da ɗiyata da tsohon cikinta. Ranar da zai cika ya buɗe ido ya ce mini, "Yaya ta zo?" Ke yake nufi. Ko Inna ba ki bari ya koyi ce miki ba. Na ce ta zo, tana waje, bari in kira ta. Sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ku bar ta. Ko ta shigo ba ta da abin da za ta kira ni da shi."

Da kunnena na ji, Yaya Salmatu. Ban gaya miki ba sai yau.

A zaman makoki kuma na gan ki kina raba gumba, idonki a bushe ƙamas. Wanda ya yi miki gaisuwa sai ki ce masa Allah ya ba ku haƙuri, kamar ɗan wasu ne ya mutu. Ɗiyata tana suma ana yayyafa mata ruwa, ke kina tambaya ko an kai wa maza tabarma.

Yanzu kina so in ɗauki ɗansa in miƙa miki, ya tashi a gidan da ake haɗiye suna kamar ƙwayar magani? Na tambayi malamai. In uwa ta yi aure, riƙo na kakar wajen uwa ne kafin ta wajen uba. Ko da Zulfa za ta bar shi, ni ce a gabanki. Kuma ba barinsa za ta yi ba.

Ki gai da Shafi'u. Shi na ga kina iya rubuta sunansa.

Rabi'a

*

Jibiya, watan Rabi'ul Awwal

'Yar'uwata Rabi'a,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, an fara yankan gero a ƙauyukan Kusa da Farfaru, wanda 'yan daji suka bari a noma. Gwiwa da sauƙi.

Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye na ƙarasa ta a zaune. Ban san ya faɗi haka ba. Ashe wuƙa kika ajiye shekara uku kina wasawa. To ta shiga, in abin da kike son ji ke nan.

Ba zan ce miki na yi laifi ba, don ban yi ba. Abin da na tarar shi na bi. Amma bari in ba ki labari, ke da kika yi karatu.

Lokacin da na haife shi muna Farfaru. Wata rana yana wata biyar na ɗauke shi na zagaya bayan rumbu, na ga ba kowa, na ɗora shi a cinya ina yi masa wasa, ina hura masa ciki yana ƙyaƙyatawa. Ashe ƙanwar Hajiya tana tsinkar zogale tana kallona. Kafin la'asar matan gidan sun saka ni a waƙar daka. Kafin sati labari ya kai wa mahaifiyata, ta aiko mini da magana ɗaya: kada ki ƙara ba mu kunya. Da aka yaye shi Hajiya ta ɗauke shi, ya koma ɗakinta, ya zama nata. Ya taso ya ji ƙannen ubansa na ce mini Yaya, shi ma ya ce Yaya. Wa zan kai wa ƙara?

Kin ce ban so shi ba. Tsokar da ta fi kowace girma a kwanon Hajiya nake sakawa, don na san da ita yake ci. Da ya fara tuƙin motar Maraɗi, na tashi daga rumfata mai inuwa a cikin kasuwa na koma bakin tasha, cikin rana, ina sayar da ƙuli-ƙulin a can. Mutane suka ce ciniki na bi. Wane ciniki? Hon ɗin motarsa na sani a cikin motoci ɗari. In na ji shi ya shigo sai in sunkuyar da kai in ci gaba da ƙulla leda, zuciyata ta kwanta. In ya zo wucewa ya ce, "Yaya, ina wuni," in ce, "Lahiya," ban ɗago ba. Wannan lahiyar ita ce abincina na ranar.

A asibiti kuwa, ke ce a kansa. Ke surukarsa ce. Ta ina zan shigo in zauna a kan ɗan fari a gaban surukai? Bencin nan jikin tagarsa yake. Duk tarin da ya yi na ji. Da ya yi shiru ma, ni na riga ku sani.

Kukan kuma yana nan, Rabi'a. Ban yi shi ba, ban kuma sami inda zan ajiye shi ba.

Kina yi mini dariya don na ce wa jikana maigida. Ke ba ki san amfanin jika ba, don ba a taɓa ɗaure miki baki ba. Mu jika shi ne ƙofar da aka bar mana a buɗe. Duk abin da aka hana mu faɗa wa ɗa, jika ake faɗa wa, a yi shi da wasa don kada a gane da gaske ne. In na ce angona, ba wanda zai saka ni a waƙa. In na goya shi na zaga gari, ba mai aika wa uwata. Shekara talatin da biyar nake tara wa yaron nan magana tun ba a haife shi ba.

Na janye zancen riƙo. Ki ba ni azumi kawai. In Sallah ta zo ni da kaina zan kawo shi har ƙofar gidanki.

Taki,
Salmatu

*

Maraɗi, Oktoba 2023

Yaya Salmatu,

Muna lafiya, sai zazzaɓin kaka da ya ɗan taɓa yaron, ya kuma warware.

Na karanta. Ban yi barcin kirki ba kwana biyu. Kin tuna mini da tawa uwar, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa kallon babban yayanmu ido cikin ido ba, amma ranar da ya tafi aikin soja ta kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce wai haƙori ke damunta. Har yanzu ban yarda da al'adar nan ba, kuma ba zan yarda ba. Amma na yi miki kaifin baki fiye da kima. Maganar asibitin nan da na bar ta a cikina.

Na zauna da Zulfa. Ta yi kuka, ta ƙi, daga baya ta yarda. In Allah ya kai mu azumi zan kawo miki shi da kaina, ko an buɗe boda ko ba a buɗe ba, in kwana biyu a wurinki har ya saba da ke. Yaro ne mai ƙyuya. In na zo zan nuna miki abin da yake ci da yadda ake lallashinsa.

Bawa bai leƙo ba a satin nan, don haka zan ba Bilki mai tabarmi, ta ce za ta shigo kasuwarku ta Lahadi.

Ki shirya wa maigidan naki ɗaki.

Ƙanwarki,
Rabi'a

*

Jibiya, watan Rajab

Madam Rabi'a,

Ina fata kina lafiya, tunda masu lafiya ne ke iya yin shiru haka.

Bawa ya rantse mini hannu da hannu ya ba ki takardata. Tun ana yankan gero nake jira, har an sussuke, har an ci rabi. Duk ranar Lahadi sai na tare shi a tasha, ya ce Madam ba ta ba shi komai ba. Na buɗe miki cikina, abin da ban taɓa faɗa wa ko uban 'ya'yana ba, kika karanta kika ninke, wataƙila ma kika karanta wa ƙawayenki 'yan lekol kuka sha dariya. Shiru ma magana ce, na ji ta.

To tunda ke malama ce, ni ma bari in yi miki tambaya ɗaya. Ina Yusha'u?

Ina shalelen naki? Wanda kike sumbata a gaban baƙi, kina ce masa zuciyata, kina ba shi abinci a baki yana da gemu? Shekara nawa yau da ya bi motar Libiya? Bakwai ne ko takwas? Ya taɓa aiko miki da ko gaisuwa? Duk zumar da kika zuba masa a kunne ba ta hana shi sa ƙafa ya tsallake ki ba, har da 'yan kunnenki na zinariya a aljihu, in abin da dangi ke faɗa gaskiya ne.

Wanda ban taɓa kira ba bai taɓa wuce rumfata bai gaishe ni ba. Wanda kika kira safe da yamma ya ji ya gaji, ya tafi inda ba zai ƙara ji ba. Ni dai nawa na san inda kabarinsa yake, ina aika Shafi'u ya gyara shi duk damina. Naki fa, a wane rairayi za ki neme shi?

Haka kike so ki yi wa jikana, ki lasa masa zaƙi har ya lalace. Allah ya fi ki.

Salmatu

*

Maraɗi, Fabrairu 2024

Salmatu,

Lafiya lau muke.

Tun watan Oktoba na ba ki amsa. Bilki mai tabarmi na ba. Da takardarki ta zo na je gidanta, na tarar ashe tun a hanya duwan, wato kwastan ɗinmu, suka kama mata kaya, ta dawo ciwo ya kwantar da ita a Madarunfa, takardar tana cikin jakarta har yau. Na ce ta kai miki yadda take. Ki karanta ki ga abin da kika taka da ƙafarki.

A ranar da taki ta iso ina ɗinka masa jakar da zai zo miki da ita. Zulfa ce ta karanta mini don tabarauna ya karye. Da ta kai wurin rairayi sai ta ajiye takardar. Yusha'u ƙanenta ne, ciki ɗaya. Shekara takwas ina tashi tsakar dare in na ji an taɓa ƙofa. Ke da kika san zafin ɗa, nan kika zaɓa ki sa yatsa.

Ba zan rama da zagi ba. Kin ce naki salon so ya fi nawa, to mu gwada.

Ana ta cewa za a buɗe boda cikin azumi. Lahadin farko bayan an buɗe, da hantsi, zan zo Magama da yaron. Zan tsaya a tashar motocin Maraɗi, nan gaban shingen kwastan, inda ubansa yake lodi, inda duk direbobi suka san ki. Ki tsaya daga tsallaken titi. Zan sake masa hannu. Ki kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ban da maigida, ban da ango, ban da zo nan yaro, ban da nuna masa alewa. Sunan kawai.

In ya zo wurinki, ki tafi da shi. Ba azumi kaɗai ba, ki riƙe shi ɗungum, Zulfa ta tafi Agadas ita kaɗai. Ta ji, ta kuma amince. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ba zan tayar ba.

In kuwa bakin ya ƙi buɗuwa, kada ki ƙara rubuto mini.

Rabi'a

*

Jibiya, ƙarshen Sha'aban

Rabi'a,

Ina gaisuwa. Bilki ta kawo takardar, duk ta yi datti a ninki. Na karanta inda kika ce in shirya wa maigidana ɗaki. Magana zarar bunu ce, na zara, ba ta komawa. Ki yafe mini abin da na ce a kan Yusha'u, Allah ya bayyana shi da rai. Ko ba ki yafe ba na roƙa.

Shafi'u ya ce kada in je, wai za a mai da ni abin kallo. Na ce masa ba shi ya haife ni ba.

Ina ta gwadawa. In na rufe ɗaki na buɗe baki sai harshen ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Jiya na kai rabi. Amma zan zo. Na shafe ɗaki, na sayi gidan sauro, tela ya ɗinka masa riga da 'yar hula ta Sallah.

Sai mun haɗu.

Salmatu

*

Jibiya, goman ƙarshe na azumi

Rabi'a,

Ina fata kun isa gida lafiya, kuna shan ruwa lafiya. Ni ma ga ni nan.

Kin ce kada in ƙara rubutowa in bakin ya ƙi buɗuwa. Ya buɗu, ke shaida ce, don haka ina da izinin wannan ɗaya.

Kina wurin, amma daga tsallake kike. Bari in gaya miki yadda abin yake daga inda na tsaya. Tun da sassafe na iso. 'Yan canji sun baza teburansu, motoci na ta shiga da fita kamar ba a taɓa rufewa ba. Direbobin nan abokan aikinsa suka yi ta zuwa gaishe ni, suna tambaya ko tafiya zan yi. Na ce baƙo nake jira.

Sai ga ku. Ban kalle ki ba, shi na gani. Tafiyar ubansa sak, har yadda yake karkata kafaɗa ɗaya. Kika sake masa hannu kamar yadda kika yi alkawari, ya tsuguna yana wasa da murfin kwalba.

Na buɗe baki, iska ce ta fito. Na sake. A na uku ya fita. Kalilu. Ga shi na rubuta miki, bironmu na Jibiya ya iya.

Waɗanda suka san ni suka sunkuyar da kai. Wani tsohon direba na ji ya ce, "Subhanallahi, mi ya samu tsohuwar ga?" Yaron kuwa ko gezau. Na ce bai ji ba ne, motoci sun yi yawa. Na ɗaga murya. Kalilu! Mai rake ya waiwayo, kwastan ya waiwayo, har mutanen cikin mota suka leƙo. Kowa ya juyo ban da shi.

Daga nan ban san sau nawa na kira ba. Na dai san a wani wuri na daina kiran ƙaramin. Kukan nan da na ce miki ban sami inda zan ajiye ba, a bakin titin Magama ya zubo, a gaban maza, da azumi a bakina, mayafina a ƙasa. Sai wani mutum da ban taɓa gani ba, yana ɗaure buhuna a kan mota, ya diro ya nufo ni yana goge hannu. Ashe sunansa ke nan shi ma. Ya ce, "Na'am Inna, ga ni. Kaya ne za a ɗauka?"

Tunda nake, ranar ce aka fara amsa mini sunan nan, aka kuma haɗa mini da Inna. A bakin ɗan wasu, yana neman lodi.

Ihuna ya tsorata yaron, ya ruga ya shige zanenki. Kika jira har na yi shiru. Sannan kika ce, ba da ƙarfi ba ma, "Papi, taho mu tahi gida." Ya ɗago nan take kamar ɗan akuya ya ji uwarsa.

Na je wurin Bilki a kasuwar Lahadi daga baya, ta gaya mini abin da duk unguwarku ta sani. Tun ranar suna ba wanda ya ƙara kiran yaron nan da sunan yanka a gidanki, Papi kowa ke ce masa. Zulfa ce ta hana. Sunan mijinta ne, ɗanta ne kuma na fari, bakinta ba ya iya ɗauka. Ashe ɗiyar da kika rena da sheri irina ce. Yaron bai san sunan ba, bai taɓa jin sa ba. Ke kuwa kin sani tun kina rubuta rantsuwa. Shi ya sa kika yi kyauta haka, har da riƙo ɗungum.

Ban ce kin karya alkawari ba. Ba ki karya ba. Malama ce ke, kin iya shirya jarrabawa.

Ga rigar nan da hular na ba Bawa. In sun yi masa, ya sa ranar Sallah. Ba sai an ce daga wa ba, ba shi da abin da zai kira ni da shi.

Abu ɗaya ne ba ki lissafa ba. Bakin da kika buɗe ya ƙi rufuwa. Ina shara ina kira, ina tuƙa tuwo ina kira, in na ji hon a titi sai in ji ya fita da kansa. Matar Shafi'u ta fara janye 'ya'yanta daga ɗakina, maƙwabta na cewa a nemo mini rubutu. Ni kuwa lafiyata ƙalau. Bashin kira ne na shekara talatin da biyar, kuma ba mai amsawa.

Saura kwana kaɗan Sallah. Bayanta motar Agadas za ta tashi da Zulfa da shi. Ranar za ki koma gida ke kaɗai, ki ga murfin kwalba a tsakar gida, bakinki ya suɓuce ki ce Papi. Ki tsaya ki saurara da kyau. Abin da ya amsa miki, shi ke amsa mini.

Salmatu, uwar Kalilu